Minti Tara Da Na Cire

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Lauya ta dawo daga jami'a jiya, ba hutu ba komai, da jaka ɗaya a hannu. Ta ce kanta ke ciwo, kuma wai 'yan ɗakinsu suna gulmarta ta cikin bango. Babanta ya yi dariya ya ce jarrabawa ce ta koro ta. Ni ban yi dariya ba.

Yarinyar nan tun tana shekara huɗu ba a faɗa ta yi shiru, shi ya sa muka laƙaba mata Lauya, Allah kuma ya sa shari'ar take karantawa. Jiya don in tsokane ta na ce rigar jikinta ba ta yi mata kyau ba. Sai ta ce, "To, Umma." To! Shekara ashirin ban taɓa jin wannan kalmar ta fito daga bakinta babu gardama a bayanta ba. Bari in tafi, na makara.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1:05 na rana, wurin aiki

Mutum shida tun safe, bayana kamar zai ɓalle. Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin awon ƙwaƙwalwa a asibitin nan: in auna kan mutum da tef, in tsaga gashi, in shafa man liƙawa, in ɗora wayoyi ashirin da ɗaya, na'ura ta riƙa zana layukan abin da ƙwaƙwalwa ke yi. Ni ba likita ba ce, fassara ba tawa ba ce. Nawa shi ne in kai wa Likita Dogo zane mai tsabta. Ƙifta ido yana ɓata layi, haɗiyar yawu tana ɓatawa, tauna kuwa ita ce uwar ɓarna, don naman muƙamuƙi ya fi ƙwaƙwalwa hayaniya. Duk inda na ga irin wannan sai in cire, Likita ba ya son shara.

A minti goma sha biyu nake gama kai guda, shi ya sa suke ce mini Walƙiya. Abokiyar aikina Sannu-Sannu kuwa sai ta share rabin awa tana lallaɓa kai ɗaya, kuma ba ta cire komai, duk tarkacen take tura wa Likita ya sha fama. Kullum sai na yi mata tsiya, ita kuma ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Gaggawa dai, Walƙiya, kin san aikin waye."

Na kira gida. Babanta ya ce jiya ma Lauya ba ta runtsa ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Kwana huɗu babu barci. Sau biyar ta tambaye ni yau wace rana. Na same ta tsaye gaban firji tana dariya ita kaɗai. Bakinta kuma yana motsi kamar mai cin cingam. Na ce, "Me kike ci?" Ta ce ba komai. Ba ta ma san yana motsi ba.

Babanta ya ajiye bas ɗinsa da wuri ya dawo. Ya ce, "Maman Lauya, ke da kike kwana kina tashi da kawunan mutane, ba za ki duba naki ba?" Na ce sai da takardar likita, kuma layin ya kai sati uku. Gaskiya ne wannan. Amma akwai wata gaskiyar da ban gaya masa ba. In sunan 'yata ya shiga fayil a sashenmu, kafin la'asar har masu shara sun ji cewa 'yar Walƙiya ta taɓu. Yarinya mace, mai karatun lauya, wannan tambarin ba ya goguwa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Na kai ta. Ran Asabar sashenmu a rufe yake, amma ina da makulli. Babu takarda, babu sa hannun likita, wani suna daban na rubuta a na'ura. Ni na tsefe mata kitso da hannuna. Minti ashirin da biyar na ɗauka, na kwashe zanen a filashi, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, na goge na cikin na'urar.

Babanta yana jira a mota. Ya ce, "Yaya?" Na ce, "Lafiya lau. Babu komai." Ya kifa goshi a kan sitiyari ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Tunda ke kika faɗa, shi ke nan."

Akwai minti tara a tsakiya da ba su yi tsabta ba. Tauna take yi, ga kuma gyangyaɗi na wanda bai yi barci ba. Na cire su kamar yadda nake cire na kowa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Tauna ce.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

A gurguje nake rubutu, Allah ya sa in iya karanta shi gaba. Da hantsi Lauya ta fasa madubin banɗaki, ta ce matar da ke ciki ba ita ba ce. Babanta ya riƙe ta, ta gartsa masa cizo a hannu, ta fice titi babu takalmi. Mai gyaran taya na bakin layi da wasu mutum biyu ne suka taimaka muka sa ta a mota.

A sashen gaggawa likitan da ke aiki ya tambaya ko an taɓa yi mata awon ƙwaƙwalwa. Kafin in buɗe baki Babanta ya ce, "An yi, ranka ya daɗe, ran Asabar. Lafiya lau." Likitan ya ce ina sakamakon. Na ce a wani wuri aka yi, zan kawo. Na ga lokacin da ya rubuta a fayil cewa awon ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba. Daga nan ya tura mu ginin baya, sashen masu taɓin hankali. Babanta ne ya sa hannu, da hannun da aka naɗe masa da bandeji.

Abin da na guda ya same ni. Kafin mu kai ginin baya, mai tura keken marasa lafiya ma sai da ya ce mini, "Sannu, Anti, Allah ya ba ta lafiya."

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Sun yi mata allura ta yi barci. Kowa yana cewa alhamdu lillahi, ni ma na ce.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 1:45 na rana

Ta daina magana gaba ɗaya. Nas ta ɗaga mata hannu don ta auna jini, ta saki, hannun ya tsaya a sama inda aka bar shi. Sai da na sauke mata shi da kaina. Ido a buɗe, amma ba ni take kallo ba. Bakin kuwa yana nan yana aikinsa, tauna, tauna, har leɓe ya fashe. Nas ɗin ta ce maganin ne, zai bi jiki.

Na koma na ci gaba da liƙa wayoyi a kan 'ya'yan mutane. Sannu-Sannu ta ce, "Walƙiya, wa ya taɓa man liƙawa? Cike na bar kwalbar nan satin da ya wuce." Na ce, "Ni mai gadi ce? Ki tambayi kwalbar mana!" Ta dube ni ta saman gilashi. Daga baya na ji kunya, matar da ta kawo wa 'yata lemo jiya.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Filashin yana cikin ƙaramin aljihun jakata. Ban buɗe ba, kuma ba ni da dalilin buɗewa. Na ga tauna a kan allo ya fi sau dubu. Tauna ce.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Zazzaɓi ya rufe ta. Jiki ya sandare kamar itace, yawu yana zuba. Sun ƙara wata allura.

Babanta ya daina fita da bas. A benci yake wuni a ƙofar sashen. Yayarsa ta zo dubiya, ina ji yana ce mata, "Ai uwarta da kanta ta auna ta, Yaya, kan lafiya lau yake. Sai dai addu'a." Kowa ya zo sai ya maimaita masa, da alfahari ma yake faɗa. Duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an soka mini wuƙa. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

Na buɗe.

Sannu-Sannu ta fita cin abinci, na kulle ƙofa na sa filashin. Kan mai lafiya in ya rufe ido, layukan baya suna tafiya ƙanana-ƙanana, a jere, wajen goma a daƙiƙa ɗaya. Na Lauya a minti taran nan manya ne, masu nauyi, ɗaya ko biyu a daƙiƙa, duk kan yana tashi tare yana faɗuwa tare. A saman kowane tudu kuma akwai wasu 'yan sirara masu sauri, tsaitsaye kamar bakin buroshi. Su ne na ce tauna.

To amma tauna a gefen kai take fitowa, kusa da muƙamuƙi, kuma in baki ya tsaya sai ta tsaya. Muna rubuta abin da mara lafiya ke yi a gefen zane yayin da ake ɗauka. A minti na goma sha huɗu ga rubutuna nan, da hannuna: "baki ya tsaya." Bakin ya tsaya, buroshin bai tsaya ba. Yana nan a gaban kai, a kan kowane tudu, har minti huɗu cur.

Ni na rubuta. Ke nan na gani tun ran Asabar ɗin.

Na manta Sannu-Sannu ma tana da makulli. Ban san tun yaushe take tsaye a bayana ba. Ta ce, "Kan waye wannan?" Ta gyara gilashi ta matso.

"Walƙiya, wannan ba tauna ba ce."

"Na sani."

"Kai wa Likita."

"Korata za su yi."

"Eh, za su iya." Ta ja kujera ta zauna. "Ni ban san sunan abin nan ba, amma na san ba na ginin baya ba ne. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, 'yar'uwa. Gara ya fito daga bakinki. In kin kasa, gobe ni zan kai."

Talata, ƙarfe 5:50 na yamma

Na je ƙofar Likita, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na juyo. Da na koma karo na biyu ya riga ya tafi. Allah wadaran hali irin nawa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 10:50 na safe

Da safe ana canjin ma'aikata Lauya ta kama jijjiga. Minti uku, ina tsaye ina ƙirgawa da agogo kamar yadda na saba yi wa na wasu. Leɓenta ya yi baƙi.

Ban san sanda na tsallaka harabar da gudu ba. A baranda na tare Likita Dogo, ɗalibai bakwai a bayansa. Na ce, "Likita, 'yata ce a ginin baya. Na yi mata awo a ɓoye, na cire wani wuri. Don Allah ka duba." A gabansu duka na faɗa.

Ya sallami ɗaliban, muka shiga ofis. Ya daɗe yana kallon allon, yana gaba yana baya. Ya ce, "Yaushe aka ɗauka?" Na ce takwas ga wata. Ya dubi kalandar bango. "Kwana goma sha ɗaya." Bai ɗaga murya ba, da ma marina ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ɗauki waya ya ce a dakatar da alluran nan yanzu-yanzu, a dawo da ita sashensa, a shirya ɗibar ruwan ƙashin baya.

Laraba, ƙarfe 4:30 na yamma

Likita ya zaunar da mu ni da Babanta. Babanta ya ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗa mini gaskiya, hauka ne?"

Likita ya ce a'a. Ya ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kullum magana suke da juna, kowace tana da 'yan ƙofofin da take karɓar saƙon 'yar'uwarta. Abin da yake zargi, garkuwar jikin Lauya, wadda aikinta yaƙar cuta, ta yi kuskure ta ɗauki ƙofofin nan abokan gaba, tana toshe su. Ƙwayoyin ba su mutu ba, ji ne ba sa yi. Masu cewa a tafi ba a jin su, masu cewa a tsaya su ma ba a jin su. Shi ya sa wani wuri ya yi tsit, wani wuri ya rikice, barci ya gudu, baki yake motsi shi kaɗai.

Babanta ya ce, "Kamar birki ya ƙi kamawa."

"Birki da totur duka. Kuma mai wannan ciwo sau da yawa ba ya jure alluran da aka yi mata, su ne suka sandarar da ita." Ya ce ruwan da aka ɗiba sai an aika nesa, sakamako zai kai kwana goma, amma shi ba zai jira ba, yau za a fara sa mata maganin da zai lafar da garkuwar.

"Za ta dawo?"

"Da yawa suna dawowa. A hankali ne, watanni. Wanda aka fara wa da wuri ya fi saurin dawowa." Bai dube ni ba da ya faɗi haka.

Babanta ya ce, "To amma ai an auna ta, uwarta ta ce..." Likita ya miƙe ya ce wannan mu yi magana tsakaninmu.

A kan benci na gaya masa, ban rage komai ba. Ya ce, "Kin gani?" Na ce na gani. "Kika ce mini babu komai." Ya dubi hannunsa mai bandeji ya daɗe yana kallo. "Ni kuma na sa hannu aka ɗaure mini 'ya a gado." Ya tashi ya koma can ƙarshen baranda ya tsaya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Numfashinta yana sarƙewa, an mai da ita ɗakin kulawa ta musamman. Minti goma ake bari mu shiga, ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Babanta ba ya yi mini magana. Ba zagi, ba faɗa. Yana zuwa da filas ɗin shayi da kofi biyu, ya ajiye a tsakiyar benci, ya zauna a ƙarshe. Shekara ashirin da biyu da aure ban taɓa sanin mutumin nan ya iya shiru haka ba. Gara a ce ya zage ni tas.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Takarda ta zo, an dakatar da ni har kwamiti ya zauna. Na miƙa makulli. Sannu-Sannu ta raka ni bakin ƙofa tana cewa yanzu layin marasa lafiya zai kai titi tunda an bar ta ita kaɗai. Na so in yi dariya, kuka ya ƙwace mini.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Babu canji.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Babu canji. Kwana goma sha ɗaya. Kwanakin da na ɓoye ke nan, ina wanki in ƙirga, ina tafiya in ƙirga. Da ran tara ga wata aka fara magani, da yau tana ina? Na tambayi Likita, ya ce wannan ba wanda zai iya gaya mini, shi ma bai sani ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 11:10 na safe

Sakamako ya dawo, zargin Likita ya tabbata. Allah ya yafe mini, daɗi na ji da aka ce ciwon 'yata yana da suna.

Talata, 1 ga sabon wata, ƙarfe 2:30 na rana

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Kwamiti ya zauna, mutum biyar a dogon tebur, uku daga cikinsu na taɓa yi wa 'yan'uwansu awo. Shugabar ta ce me ya sa. Na ce da farko tsoron bakin mutane ne ya sa na yi a ɓoye. Ta ce, "Cirewar fa?" Na ce hannuna ya saba cire duk abin da bai yi kyau ba, kuma a ranar nan ba na son in gani.

Sun cire ni daga ɗakin awo, shekara guda, an mai da ni ɗakin ajiye fayil. Ko kusa da na'urar ba a yarda in je ba. Ban roƙi sassauci ba.

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Bakin ya tsaya kwana biyu ke nan. An dawo da ita ɗakin mata. Yau Babanta ya zagaya gadon, idonta ya bi shi har ƙofa. Ya sake zagayawa don ya tabbatar, ya sake, har nas ta ce zai sa ta jiri. Har yanzu ba ta ce komai ba.

Da zai fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maman Lauya, ki je gida ki huta, ni zan zauna." Wannan ce magana ta farko a kwana goma sha shida.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe 3:20 na yamma

Yau Likita ya ce a sake awo don a ga ko layukan sun fara komawa daidai. Na tura kekenta har ƙofar ɗakin da na yi shekara goma sha huɗu a ciki, Sannu-Sannu ta karɓe ta daga nan. Na zauna a kujerun jira, ni da Babanta, inda iyayen mutane suke zama. Ashe kujerun nan tauri gare su haka.

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Minti ashirin sun wuce tana nan tana lallaɓa kai, ina jin ƙarar kwalba. Sai na ji wata murya a dashe, a hankali, kalma bayan kalma:

"Anti. Kina ja mini gashi. Ba haka ake yi ba."

Sannu-Sannu ta ce, "Au, ke za ki koya mini aikina?"

"Eh."

Babanta ya damƙi hannuna har sai da na ji zafi. Ni ko motsi na kasa.

Bayan rabin awa Sannu-Sannu ta leƙo, ta duba baranda hagu da dama. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Walƙiya, babu kowa. Na juyo allon, zo ki leƙa minti ɗaya."

Na miƙe, wallahi har na taka sau biyu. Ina hango hasken allon ta tsagin ƙofa. Sai na tsaya.

Na ce, "A'a. Kai wa Likita duka, kar ki cire ko daƙiƙa ɗaya. Ni uwarta ce."

Na koma na zauna kusa da Babanta, muka jira a kira mu.